Yadda Muka Shirya Babban Taro Ta Hanyar Intanet

Ran nan Edita ya tare ni a ƙofar ɗakin malamai, ya ce tun da ya ke ni na riƙe aikin sakatare a kwamitin da ya shirya taron malaman harsuna da aka yi a nan kwalejinmu, lalle in rubuta wa masu karatun wannan mujalla yadda muka yi. Na ce masa ni ba gwanin kwamfuta ba ne, malamin Hausa ne kawai. Ya ce ai dalilin zuwansa wurina ke nan, don in gwani ya rubuta, gwani ɗan'uwansa kaɗai zai gane. Na rasa ta cewa, na karɓa. To, ga abin da na koya, da daɗinsa da wuyarsa, ko Allah ya sa ya amfani wanda za a ɗora wa irin wannan kaya nan gaba.

Mu bakwai ne a kwamitin. Uku muna nan kwaleji, sauran huɗun kuwa ɗaya yana Yola, ɗaya Minna, ɗaya Okene, ɗaya Abeokuta. An ba mu wata shida. Kuɗin da ke hannunmu bai isa a biya wa mutum huɗu motar zuwa da komawa ko sau biyu ba, balle masauki, ga kuma halin da hanyoyi su ke ciki. Aikin kuwa ba kaɗan ba ne. Za a zaɓi rana, a gayyaci manyan baƙi, a karɓi maƙalu a duba su, a tara kuɗin rajista, a nemi masauki da abinci, a tsara wanda zai yi magana a wane ɗaki da wane lokaci. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓaci, sunan kwaleji ne zai ɓaci, ba na kwamiti kaɗai ba. Malami ya bar iyalinsa, ya yi tafiyar yini guda da kuɗin aljihunsa, ya zo ya tarar ba sunansa cikin masu magana, ka san ba zai manta ba. Ga shi kuwa maƙalar nan tana cikin abin da za a duba in lokacin ƙarin girmansa ya zo.

Yadda a ke yi a dā

Wani dattijo cikin malamanmu ya ba ni labarin yadda su ke shirya irin wannan taro a zamaninsu. Akawu ya buga takarda da tafireta, a liƙa kan sarki, masinja ya kai gidan waya, a zauna jiran amsa mako biyu ko uku. In an sake rana, sai a sake bugawa a sake aikawa. Da wayar hannu ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, sa'an nan imel ya yaɗu, sai aka ce wahala ta ƙare. Ashe wata ce ta maye gurbinta. Sakatare ya rubuta tsarin taro ya aika wa mutum shida, ko wannensu ya gyara nasa ya dawo da shi. Kafin mako ya zagayo ga takarda bakwai, ko wace da irin tata maganar, ba mai iya ce maka ga ta gaskiya. Na taɓa ganin taron da aka gaya wa babban baƙo Talata, aka buga wa sauran jama'a Laraba, don kawai takardar da aka aika masa ba ita ce ta ƙarshe ba. Mutumin ya iso ya tarar ana share ɗakin taro.

Takarda ɗaya, hannu da yawa

Maganin wannan cuta shi ne abin da a ke kira aiki tare ta intanet. Ga ma'anarsa a sauƙaƙe. Maimakon ko wane mutum ya riƙe kofin takarda cikin kwamfutarsa, sai a ajiye takarda ɗaya tak a manyan kwamfutocin wani kamfani, kowa ya riƙa leƙa ta daga inda ya ke, ta waya ko ta kwamfuta. Ku ɗauka allon aji ne, amma wanda na Yola da na Abeokuta su ke gani a lokaci guda, ko wannensu kuma da alli a hannunsa. In na Yola ya goge kalma, na Abeokuta yana kallo za ta ɓace. Tun da ba a aika kome, babu zancen tsohon kofi da sabo.

Kamfanoni da dama suna da irin wannan. Mu da na Google muka yi aiki, don yawancinmu muna da adireshin Gmail tun dā. Google Docs, na rubutu, da Google Sheets, na jeri da lissafi, sun fito a shekarar 2006. Google Forms, na cika fom, ya biyo baya a 2008. Google Drive kuwa, watau rumbun da a ke zuba su duka, a 2012. Ko wane mai adireshi ana ba shi wurin ajiya na gigabayit 15 kyauta, amma har da wasiƙunsa da hotunansa a ciki. Mutum 100 suna iya gyara takarda ɗaya a lokaci guda. Microsoft ma yana da nasa, Word da Excel na intanet da rumbun OneDrive, kyautarsa gigabayit 5. Ba talla na ke yi wa kowa ba. Ku ɗauki wanda mafi yawan 'yan kwamitinku suka riga suka saba da shi, amma fa ku tsaya a kan ɗaya.

Abu na fari da muka yi, muka buɗe sabon adireshin imel da sunan taron, ba da sunan mutum ba. Dalili kuwa, ko wace takarda a wannan tsari tana da mai ita, watau adireshin da aka ƙirƙire ta da shi. In na ƙirƙire su da nawa, ran da aka yi mini canjin wurin aiki kayan taro sun bi ni. Kalmar sirri ta wannan adireshi mutum biyu kaɗai suka san ta, ni da shugaba. A cikin rumbun muka yi jaka biyar: ta rahoton zama, ta kuɗi, ta maƙalu, ta masauki da abinci, da ta wasiƙu. Muka kuma yi doka cewa ko wace takarda sunanta ya faɗi abin da ke cikinta. Kada a kira takarda "sabuwa" ko "ta ƙarshe", don gobe za a yi wata.

Izni iri uku

Sa'ad da za ka ba wani takarda, na'ura za ta tambaye ka wane irin izni za ka ba shi. Iri uku ne. Akwai mai kallo, karatu kawai zai yi. Akwai mai sharhi, ya karanta ya kuma rubuta ra'ayinsa a gefe, ko ya kawo shawarar gyara, amma kome ba zai canja ba sai an yarda da shawararsa. Akwai mai gyara, wanda ke iya ƙarawa da ragewa da gogewa. Bayan wannan akwai tambaya ta biyu: mutanen da ka ambata da adireshinsu kaɗai za su shiga, ko kuwa duk wanda ya sami mahaɗin takardar?

A nan ne na yi kuskuren da har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Saura mako uku a yi taro na gama tsara jadawalin masu magana, na so kowa ya ga lokacinsa. Cikin gaggawa na aika mahaɗin ga dukan waɗanda suka yi rajista, ban lura ba ashe na bar shi a kan duk mai mahaɗi yana iya gyarawa. Da gari ya waye na buɗe, sai na ga abin mamaki. Mutum uku da na sa ranar ƙarshe da yamma sun koma ranar farko da safe, waɗanda ke wurin kuwa an tura su ƙasa. Zama guda mai mutum biyar ya ɓace ɗungum. Wannan ban ce mugunta ce ba, mai yiwuwa yatsan wani ne ya zame a kan waya. Na yi ta zufa, don aikin kwana huɗu ne, ga mai ɗab'i yana jira.

Abin da ya cece ni shi ne tarihin gyare-gyare. Waɗannan takardu suna ajiye kamanninsu na baya, da rana da sa'a. Na koma na zaɓi yadda jadawalin ya ke kafin in aika, na danna a mayar da shi, nan take ya dawo. Amma waɗanda suka yi aikin ban san su ba har yau, don wanda ya shiga ta mahaɗi ba tare da an gayyace shi da adireshinsa ba, ba a rubuta sunansa. Sa'ad da ya ke ciki ma, sunan wata dabba za ka gani a sama maimakon nasa. Laifin nawa ne, ba na na'ura ba, haka kuma na faɗa wa kwamiti. Tun daga ranar muka yi doka: jama'a masu kallo ne, 'yan kwamiti masu sharhi, mai gyara kuwa mutum ɗaya ko biyu ga ko wace takarda.

Wa zai yi me, kuma yaushe

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A zamanmu na farko muka buɗe takardar jeri mai gida huɗu: aiki, mai yi, ranar gamawa, da inda aka kwana. Muka fara lissafi daga ranar taro muka yi baya-baya. In littafin taro zai shiga hannun mai ɗab'i saura mako biyu, to, jadawali ya kammala saura mako uku. In haka ne, alƙalai su gama duba tsakure saura mako biyar, a kuma rufe karɓarsa saura wata biyu. Da muka jera su haka sai muka ga ashe wata shidan nan ba su da yawa, sanarwa ta kamata ta fita cikin makon nan da mu ke.

Ko wane aiki sunan mutum ɗaya a ke sawa a gabansa. Mun lura aikin da aka rubuta "kwamiti" a gabansa ba mai yinsa, kowa yana tsammani ɗan'uwansa ya yi. In kana so ka tuna wa mutum aikinsa, ka rubuta sharhi a gefen layin, ka sa alamar @ da adireshinsa, za a aika masa wasiƙa nan da nan. Wannan ya fi kiran waya, don kowa yana ganin an tuna masa, shi ma ya san ana gani.

Akwai wani kayan aiki da a ke kira Trello, wanda ya fito a 2011. Shi allo ne da a ke rabawa gida-gida, misali abin da za a yi, abin da a ke yi, da abin da aka gama. Ko wane aiki kati ne, ana jan shi daga wannan gida zuwa wancan. Asalin dabarar daga masana'antar motoci ta Toyota a Japan ne, inda su ke bin sawun aiki da katuna. Mun gwada shi mako biyu muka bari, ba don yana da aibu ba, sai don dattawanmu biyu sun ce wurin leƙawa ya yi musu yawa. Gaskiyarsu ne, in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Takardar jeri ta ishe mu.

Rajista da tsakure

A nan ne na fi ganin amfanin abin. Muka shirya fom ɗaya, muka tambayi suna, makaranta, lambar waya, adireshin imel, taken maƙala, tsakurenta, ranar isowa, ko mutum yana bukatar masauki, da abincin da ba ya ci. Duk wanda ya cika, amsarsa tana faɗawa cikin takardar jeri da kanta, layi ɗaya ga mutum ɗaya, da ranar da ya cika har da sa'a. Ba mai kwafar kome da hannu, saboda haka ba mai ɓata sunan wani. Mai kula da masauki ya duba gidan masauki ya san gado nawa zai nema, mai kula da abinci ya duba nasa.

Ga abu huɗu da zan ba ku shawara a kai. Na ɗaya, inda amsa ta ke da iyaka, kamar jiha ko ranar isowa, ku jera zaɓi mutum ya danna, kada ku bar shi ya rubuta. In kun bari, za ku ga sunan jiha ɗaya da rubutu iri biyar, lissafi ya gagara. Na biyu, ku ce mutum ya rubuta sunansa yadda ya ke so ya fito a takardar shaida. Na uku, in kun ce a ɗora fayil a kan fom, sai mai adireshin Google kaɗai zai iya, shi ya sa mu muka ce a zuba tsakure cikin akwatin rubutu. Na huɗu, kafin ku saki fom ku ba mutum uku su cika a gabanku da wayoyinsu. Inda suka tsaya suna tambaya, nan ne gyara ya ke.

Da ranar rufewa ta yi, na danna maɓallin daina karɓar amsa. Wanda ya makara ya kira ni, ba ni da ƙarya da zan yi masa, shi ma ba shi da wadda zai yi mini. Sa'an nan na kwafi takardar jerin, na cire gidan suna da na makaranta, na ba ko wane tsakure lamba, na ba alƙalai. Ta haka ba wanda ya san ko na abokinsa ya ke dubawa ko na malaminsa. Manyan tarurruka masu ɗaruruwan maƙalu suna da kayan aiki na musamman don wannan, kamar EasyChair, wanda a ke aiki da shi tun 2002, amma taro irin namu bai kai nan ba.

Kuɗi

Ba abin da ke raba 'yan kwamiti kamar zargin kuɗi. Takardar kuɗinmu shafi biyu gare ta, na shiga da na fita, jimla kuma tana haɗa kanta a ƙasa. Ma'aji kaɗai ke gyarawa, sauranmu kallo. Ko wane rasit sai an ɗauki hotonsa an sa a jakar kuɗi da lambar layinsa. Ran da mai dafa abinci ta ce kayan miya sun tashi, ta ƙara farashi, ma'aji ya canja lamba ɗaya, mu bakwai muka ga a daren cewa abin da ya rage ba zai isa ba. Muka yarda a fasa ɗinka jakunkunan da za a raba wa mahalarta, a ba su littafin taro da biro kawai. Da a ce sai mun haɗu za mu gano wannan, da mun riga mun ba tela kuɗi.

Amma ku yi hattara da abu guda. Hoton da mutum ya aiko cewa ya tura kuɗi, ba kuɗi ba ne. Ma'aji ba ya rubuta "ya biya" sai ya ga kuɗin a takardar banki.

Zama ba tare da tafiya ba

Da Gwamnatin Tarayya ta rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, malamai da yawa suka koyi yin zama ta Zoom da Google Meet, ko suna so ko ba su so. Wannan koyo ya yi mana rana. Na kyauta a Zoom minti 40 ne, a Google Meet kuwa minti 60 in mutane sun kai uku, ko wanne kuma yana ɗaukar mutum 100. Da farko mun ga kamar lokacin ya yi kaɗan. Daga baya muka ga alheri ne, don ya hana mu dogon surutu.

Ga yadda mu ke yi. Saura kwana biyu in rubuta ajanda cikin takardar rahoton zama, kowa ya ƙara abin da ya ke so a tattauna. Ran zama muna magana ina rubuta abin da aka yanke a ƙarƙashin ko wane batu, kowa yana kallo. In na rubuta abin da ba shi aka ce ba, nan take a tsayar da ni. Saboda haka ba mu taɓa ɓata lokaci wajen karanta rahoton zaman baya ana gardama ba. Bayan gaisuwa kowa ya kashe kamara, don hoto shi ke cin data, shi ke kuma sa murya ta riƙa yankewa. Wanda ba ya magana ya rufe makirfonsa, in ba haka ba za a sha kukan zakara da ƙarar janareto. Tun da kwamitinmu ya haɗa Musulmi da Kirista, muka kauce wa tsakar ranar Jumma'a da safiyar Lahadi, muka tsaya a kan Asabar bayan la'asar.

WhatsApp

Ba yadda za a yi taro a ƙasar nan yau ba tare da WhatsApp ba, don shi ne kowa ke buɗewa. Tun 2022 zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, ana kuma iya jefa ƙuri'a a ciki, da ita ma muka zaɓi ranar taro. Zaure biyu muka buɗe, ɗaya na kwamiti, ɗaya na sanarwa ga mahalarta, wanda masu kula da shi kaɗai ke iya rubutu. Amma ku sani WhatsApp kasuwa ce. Muhimmiyar magana in ta faɗa tsakanin gaisuwar safiya da hotunan biki, ta nutse ke nan. Shi ya sa muka yi doka cewa duk abin da aka yanke a can, ba a yanke shi ba sai ya shiga takarda.

Wahalolin da muka sha

Kada in sa ku zaci kome sumul ya tafi. Wuta takan ɗauke, sabis yakan gudu, wani lokaci ana tsakiyar zama mutum ya ɓace. Ana iya saita takarda a waya yadda za a buɗe ta ko babu intanet, abin da ka rubuta ya hau in sabis ya dawo. Ku saita jadawali da jerin mahalarta haka tun da wuri. Kuɗin data kuma ku sa shi cikin kasafi, kada ku bar wa 'yan kwamiti su riƙa ciro shi daga albashinsu.

Akwai wani babban malami cikinmu da ya ce shi fa sai takarda da jan biro. Ba mu yi masa gardama ba. Muka haɗa shi da wani ɗalibinsa, ya riƙa buga masa a takarda, ya gyara, ɗalibin ya shigar. Gyaran da ya fi amfani a wasiƙunmu duka daga wurinsa ya fito. Da mun ce sai wanda ya iya waya zai sa baki, da mun yi hasara.

Sai kuma matsalar da ta shafe mu mu malaman harsuna, watau baƙaƙe masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ. Abokanmu na Yarbanci da Ibo su ma suna da tasu, ta ɗige-ɗigen ƙarƙashin baƙi da alamun karin sauti. A waya Gboard yana da allon rubutu na Hausa, sai ka ƙara shi. Amma ba ko wane salon baƙi ne ke da waɗannan haruffa ba. Gwajin farko da mai ɗab'i ya kawo mana, wasu ƙugiyoyin sun zama akwatuna, wasu kuwa yaronsa ya ga bai gane su ba ya sake buga su ba ƙugiya, har "manyan baƙi" suka koma "manyan baki". Daga nan muka riƙa aika masa da PDF, wanda ba ya canja kama, muka kuma ce kada ya buga sai mun sa hannu a kan gwaji.

Amanar sunayen mutane

Takardar rajista tana ɗauke da sunaye da lambobin waya da ranar da mutum zai bar gidansa. Wannan amana ce. Bayan haka kuma doka ce, don a watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan mutane ta Nijeriya, aka kafa hukumar da ke kula da ita. Abin da ya shafe mu a ciki mai sauƙi ne. Kada ka tambayi abin da ba ka bukata, ka faɗa wa mutum abin da za ka yi da bayaninsa, kada kuma ka yi wani abu dabam da shi. Wani mai sayar da littattafai ya roƙe mu lambobin mahalarta don ya yi musu talla, muka ba shi haƙuri, muka ce ya zo ya kafa teburinsa a bakin ɗakin taro. Adireshin taron kuwa muka sa masa kulle na biyu, watau bayan kalmar sirri sai an tabbatar ta wayar shugaba kafin a shiga daga sabuwar na'ura. Lambar asusun banki kuma wuri ɗaya muka rubuta ta, a kan fom, muka sanar cewa duk lambar da ta zo ta wata hanya ba tamu ba ce.

Ranar taro da bayansa

Mu bakwai ba mu haɗu ido da ido ba sai daren jajibiri. Abin da ya rage mana a daren, jera kujeru da gwada majigi da lasifika. Duk da haka na buga jerin mahalarta da jadawali a takarda, kofi uku-uku, na ajiye a teburin ƙofa. Na ji daɗin yin haka, don da jama'a suka cika ɗaki sabis ya yi nauyi, da takarda da biro aka karɓi baƙi. Mutum biyu ba su sami zuwa ba, na gyara jadawali sau ɗaya a waya, na sanar a zaure, kowa ya gani.

Da aka watse ba mu rufe rumbun ba tukuna. Muka aika gajeren fom muka tambayi mahalarta abin da ya yi kyau da abin da ya ɓaci. Mafi yawan kukansu a kan ƙarancin lokacin tambayoyi ne, kuma sun yi gaskiya. Ma'aji ya rufe lissafi. Ni kuma na rubuta takarda mai shafi biyu na sa mata suna "Abin da muka koya", har da labarin jadawalin nan ban ɓoye ba. Muka share lambobin waya da ba a bukata kuma. Ku lura, abin da aka jefa kwandon shara na Drive kwana 30 ya ke yi kafin ya tafi gaba ɗaya, saboda haka in kun share abu bisa kuskure ku neme shi da wuri. Daga ƙarshe na miƙa adireshin ga sabon sakatare, ya canja kalmar sirri a gabana. Shi ba zai fara daga tushe ba kamar yadda muka fara.

Ku kuma ɗalibai, kada ku ce wannan zancen malamai ne. Gobe ku ne za a ce ku shirya taron iyaye da malamai, ko wasannin makaranta, ko bikin ba da kyaututtuka, kuma sabon malami a ke fara ɗora wa irin wannan. Ku fara gwadawa tun yanzu da ƙananan abubuwa, kamar jadawalin koyarwar gwaji ko lissafin kuɗin ƙungiyarku. Ku tuna dai na'ura ba ta kiran baƙo, ba ta zuwa duba masauki, ba ta kuma cika alkawarin da mutum ya ɗauka. Abin da ta yi mana shi ne ta sa kowa ya ga abu ɗaya a lokaci ɗaya, wanda bai yi aikinsa ba kuma ya rasa wurin ɓuya. Duk mai son ya ga yadda a ke buɗe fom ko a ba da izni, ya same ni a ofis ran Alhamis bayan an tashi daga lacca, ya zo da wayarsa da caji a ciki. Allah ya taimake mu, amin.